Maiduguri Ta Idon 'Ya'yanta

Ni malamin makaranta ne, bana shekarata 19 ina riƙe da alli. A makarantar ekklesiyarmu da ke bayan garin Jos, ni ke koya wa 'yan aji biyar labarin ƙasa. Ran nan, wajen ƙarshen shekarar 2023, na rataye taswirar Nijeriya a jikin allo, na ce wa yara zan riƙa kiran sunayen garuruwa, su kuwa su faɗa mini abin da aka san kowane gari da shi. Na ce Kano, suka ce kasuwa. Na ce Sakkwato, suka ce Sarkin Musulmi. Na ce Fatakwal, suka ce man fetur. Na ce Jos, suka ce sanyi da dankalin Turawa, har da masu tafi. Sa'an nan na kai tsinin sandata can kusurwar arewa maso gabas, na ce, "To, Maiduguri fa?" Aji duka ya amsa baki ɗaya, "Bom!" Suka fashe da dariya.

Ban tsawata musu ba, gama in za a bi gaskiya, ni ma abin da ke cikin kaina ke nan. Sai da dariya ta lafa na lura da wata yarinya a layi na uku ta kifa kai a kan tebur. A Maiduguri aka haife ta, can ta yi wayo, shekara biyu ke nan da iyayenta suka kwaso kaya suka dawo Jos. Daga baya na ji ashe tun ranar da ta zo 'yan ajin suka laƙaba mata suna "'yar bom", ita kuwa ta haɗiye abin, ba ta taɓa kawo ƙara ba.

Kashegari sai ga yayanta ya rako ta makaranta. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, in ba za ka ɗauka rashin kunya ba ne, ina so in nuna maka garinmu." Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya buɗe Instagram, ya miƙo mini. Muna tsaye a gindin mangwaro har aka buga ƙararrawa ta biyu ban ji ba. Abin da na gani da safen nan shi ya sa na yi fiye da shekara guda ina yawo cikin garin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba, har daga baya na shiga mota na je. Labarin wannan yawo nake so in ba ku, ya ku masu karatu.

MACE DA KYAMARA

Shafin da ya fara nuna mini sunansa Bits of Borno, watau gutsattsarin Borno. Wata 'yar garin ce ta buɗe shi a 2015, ana ce da ita Fati Abubakar. Ta yi karatun aikin jinya a Jami'ar Maiduguri, sa'an nan ta tafi Landan ta ƙaro ilimi a kan kiwon lafiyar jama'a. Sa'ad da ta komo gida, shekara 6 ke nan da ɓarkewar rikicin Boko Haram, wanda ya tashi a cikin garin a watan Yuli na 2009. A lokacin nan kusan duk hoton da ya fita daga Borno zuwa duniya, in ba motar da ta ƙone ba, to gawa ce a lulluɓe, ko kuwa layin mata riƙe da kwanoni a sansanin gudun hijira.

Waɗannan hotuna ba ƙarya ba ne. Amma abin ya dame ta, domin ta san a wannan garin da ake magana ana ɗaurin aure, ana raɗin suna, yara suna zuwa makaranta, tela yana kan kekensa. Sai ta rataya kyamara ta shiga titi, a lokacin da ko namiji ya ɗaga kyamara a bainar jama'a sai an yi masa kallon tuhuma. Ta ɗauki 'yan makaranta da 'yan kasuwa, ta ɗauki mata cikin lafaya da yara cikin kayan Sallah, ta kuma ɗauki waɗanda yaƙi ya koro daga ƙauyukansu. Ƙarƙashin hoto takan rubuta abin da mai hoton ya faɗa da bakinsa. Ba a daɗe ba manyan jaridu da gidajen rediyo na ƙasashen waje suka fara ba da labarinta.

A nan na fara gane bambancin baƙo da ɗan gari. Baƙo mai ɗaukar hoto yakan zo ranar da wani abu ya faru, ya kwana uku ya koma. Ɗan gari kuwa yana nan har a ranakun da ba abin da ya faru, waɗannan ranaku kuma su suka fi yawa a shekara. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo, shi kuma ya san inda inuwa take da rana tsaka.

YAWON GARI DAGA KAN KUJERA

Saurayin nan ya koya mini yadda ake nema. In ka rubuta sunan gari a wurin bincike, ka sa masa alamar # a gaba, sai hotunan da mutane suka ɗora da wannan suna su zubo. Ya ce kada in tsaya ga Maiduguri kaɗai, in gwada Yerwa, gama shi ne sunan da 'yan garin suka fi so. In kuma an rubuta sunan unguwa a saman hoto, kana taɓa shi za ka ga sauran hotunan da aka ɗauka a wurin. Da haka na tarar masu hoton garin suna da yawa, a Instagram da Facebook duka. Akwai masu hoton biki, akwai samari masu bin titi da wayarsu, akwai 'yan jarida na gida, har da 'yan kasuwa masu ɗaukar hajarsu domin talla. Na ware littafi guda. Kowane hoto ya ta da mini tambaya sai in rubuta, in nemi amsa a littattafai ko wurin mai hoton kansa.

Tambayata ta farko a kan itatuwa ce. Ni da nake zaton hamada zan gani, sai na ga tituna cikin inuwa, itatuwa sun jeru hagu da dama. Dogon yaro ne, wanda waɗansu ke kira darbejiya. Asalinsa daga Indiya ne, a zamanin mulkin Turawa aka shigo da shi, ya kuwa karɓi ƙasar Borno domin yana jure fari. A garin da zafi kan wuce awo 40 a watannin Afrilu da Mayu, gindin dogon yaro shi ne shago, shi ne majalisa, shi ne wurin hutun tsakar rana. Da wuya ka ga hoton titin Maiduguri da babu ganyensa a ciki.

Ta biyu kuwa, wani faffaɗan titi ne da ya miƙe sambal har ƙofar fadar Shehun Borno. Sunansa Dandal. Al'adar Barebari ce a bar irin wannan fili a gaban gidan sarauta, nan ake hawa, nan ake taro. Bin sawun wannan titi ya kai ni cikin tarihi. Daular Borno tsohuwa ce ƙwarai, amma garin Maiduguri yaro ne a cikin biranen Arewa. Shehu Muhammadu El-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, ta zama babban birni, har Rabe ya zo ya rushe ta a 1893, ya mai da Dikwa mazauninsa. Faransawa suka kashe Rabe a 1900. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya kafa sabuwar fadarsa a Yerwa, kusa da wani tsohon ƙauyen kasuwa da ake kira Maiduguri, a gefen kogin Ngadda. Garuruwan biyu suka girma suka haɗe. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka buɗe jami'a a 1975, aka kuma ƙirƙiro Jihar Borno a 1976.

Na yi makonni ina kallon hotunan titi kafin in ankara da abin da babu. Babu acaɓa ko ɗaya, sai Keke Napep bila adadin. Da na tambaya aka ce mini tun watan Yuli na 2011 aka hana hawa babur a garin, domin da shi 'yan bindiga ke zuwa su harbi mutum su ɓace. Haka kuma na ga farantan sola birjik a kan rufin shaguna. Dalili shi ne a watan Janairu na 2021 aka fasa turakun da ke kawo wutar lantarki ta hanyar Damaturu, gari ya daɗe ƙwarai a cikin duhu, har aka gina masa tashar wuta mai aiki da iskar gas, wadda aka buɗe a watan Maris na 2023. Mai hoto bai ce zai ba ni labarin yaƙi ba, amma yaƙin yana cikin hoton ga wanda ya iya duba.

Sai huluna. Hoto bayan hoto na ga maza da mata da 'yan mata zaune a inuwa, kowa da allura da zare, yana ɗinkin hula. Irin hular nan ce da ake kira zanna, wadda manyan mutane ke sawa daga Sakkwato har Ikko. Mutanen Bama sun shahara da ita. Sa'ad da garinsu ya faɗa hannun 'yan tawaye a watan Satumba na 2014, suka gudo Maiduguri, da yawansu ba su fito da kome ba sai sana'ar da ke hannunsu. Hula mai kyau takan ci makonni kafin a gama ta. Tun daga lokacin in na ga zanna a kan wani babba, sai in tuna da yatsun da suka ɗinka ta.

Na ga kuma kasuwar kifi ta hanyar Baga, inda ake jibge bandar kifi daga Tafkin Cadi, a cusa a kwali, a loda wa manyan motoci zuwa kudu. Na ga Kasuwar Shanu. Na ga Monday Market, watau Kasuwar Litinin, wadda duk da sunanta kullum take ci. Ita ma na ga hotonta tana ci da wuta a daren 26 ga Fabrairu na 2023, kashegarin zaɓen shugaban ƙasa, na kuma ga hoton sababbin rumfunan da aka gina bayan haka.

RANAR DA RUWA YA CI GARI

Ran 10 ga Satumba na 2024 na buɗe waya da safe, sai na kasa gane garin da na saba gani. Madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kimanin kilomita 20 daga gari, ta ɓalle cikin dare bayan ruwan sama mai yawa, kogin Ngadda ya yi ambaliya. Shekara 30 ke nan cif da aka yi irin wannan a 1994. Ruwa ya shiga Gwange da Gamboru, ya shiga Kasuwar Litinin da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, dabbobi da yawa suka mutu, waɗansu ruwa ya tafi da su cikin gari. Mutane dubu ɗaruruwa suka rasa wurin kwana, aka sake buɗe sansanonin da gwamnati ta rufe tun 2021.

Kafin manyan gidajen labarai su iso, samarin nan da nake bi su suka nuna wa duniya abin da ke faruwa. Waɗanda jiya suke ɗaukar amarya da ango, yau suna cikin ruwa har ƙirji, sun ɗaga waya sama. Wani ya ɗora hoton yaron da aka tsinta, a taya neman iyayensa. Wani ya nuna unguwar da mutane suka maƙale a kan rufi, a kai musu kwalekwale. Na zauna a Jos ina kiran sunayen wurare ɗaya ɗaya, ga gadar sama ta Kwastam ruwa ya kewaye ta, ga shatale-talen gidan waya ya zama tafki. Matata ta ce, "Maigida, kai da ba ka taɓa zuwa ba, me ya sa idonka ya yi ja haka?" Na rasa amsar da zan ba ta. Gari ya riga ya shiga raina.

HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, a watan Disamba na 2024, na ce zan tafi. Uwargida ba ta so ba, sai da wani tsohon abokin karatuna da ke koyarwa a can ya yi mata magana ta waya, ya ce a gidansa zan sauka. Muka tashi daga Jos da asuba. Tafiyar ta kusa kilomita 600, ta Bauchi da Darazo da Potiskum da Damaturu. Direba bai yarda mun daɗe wurin cin abinci ba, ya ce lalle mu shiga gari da sauran rana.

Daga Damaturu zuwa Maiduguri kimanin kilomita 130 ne, a nan ne hira ta mutu a cikin mota. Muka wuce Benishek da Mainok da Jakana, ga kangayen gidaje da aka ƙone, ga kuma sababbi da aka gina kusa da su. Shingen sojoji kuwa na bar ƙirgawa. Da na ciro waya, wata dattijuwa da ke kusa da ni ta dafa hannuna, ta ce, "Ɗana, mai da ita aljihu, nan ba a ɗaukar hoto." Muka iso Auno, inda a watan Fabrairu na 2020 aka auka wa matafiyan da dare ya yi musu bayan an rufe ƙofar shiga gari, aka kashe mutane wajen 30. Babu wanda ya ce uffan sai da muka wuce ƙofar Njimtilo. Nan dattijuwar ta yi ajiyar zuciya, kowa ya fara kiran gida yana cewa mun iso.

Kashegari na sadu da wani saurayi mai hoton biki wanda na daɗe ina bin shafinsa, muna gaisawa ta waya. Babarbare ne, shekarunsa ba su fi 27 ba. Ya tarye ni da "Lale, wushe," ya ce, "Malam, yau ba sai ka taɓa waya ba, ƙafa za ta yi aiki." Muka fara daga Dandal. Abin mamaki, sai na ga ina gane hanya, har nakan riga shi faɗin sunan wuri, shi kuwa yana ta dariya. Amma akwai abubuwan da waya ba ta taɓa ba ni ba. Ba ta ba ni ƙamshin turaren wuta da humra a layin masu turare ba, wanda ya kama rigata har na komo Jos. Ba ta ba ni warin banda a hanyar Baga ba, ko ƙurar hunturu a maƙogwaro, ko ɗanɗanon burabusko da sinasir. Ba ta kuma ba ni hayaniyar kasuwa ba, inda Barbarci da Larabcin Shuwa da Hausa da Babur da Margi ke cuɗanya a rumfa ɗaya.

A Gwange ya nuna mini wani layi mai ruwan ƙasa a jikin bango, ya fi tsayin kaina. Ya ce, "Nan ruwa ya tsaya. Ɗakina yana bayan wancan gida." A daren ya ɗora kyamara a ka ya fita, amma kwamfutarsa ta nutse da aikin shekara 7 a cikinta. Abin da ya tsira sai wanda ya riga ya ɗora a shafinsa. Bayan ruwa ya janye, mutane suka riƙa zuwa wurinsa, waɗanda hotunan aurensu suka narke cikin laka, suna tambaya ko yana da saura. Wata mata ta zo neman hoton mijinta da ya rasu, ba ta da ko ɗaya. Ya bi shafinsa baya har shekara 5, ya same shi a gefen wani hoton taron biki, yana dariya. Ya yanko wurin, ya wanke mata. Ya ce, "Malam, da ina ɗauka neman abinci kawai nake yi. Ran nan na san ajiyar mutane nake riƙe da ita."

Na lura ba ya ɗaga kyamara sai ya yi sallama, ya gaisa, ya nemi izini. A gindin wani dogon yaro muka tarar da dattawa masu ɗinkin hula. Ɗayansu ya ɗaga hannu ya ce a'a. Ya ce, "Yaro, a sansani an ɗauke mu hoto ya fi sau ɗari. Daga mu sai tsummokinmu. Ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba, ba mu san inda aka kai fuskokinmu ba." Saurayin ya durƙusa ya ce, "Gaskiyarka, Baba. In ka yarda, sai ka shirya yadda kake so a gan ka, jibi kuma in kawo maka naka a hannu." Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya kakkaɓe rigarsa, ya zaɓi hular da ta fi kyau cikin waɗanda ya gama, ya kafa ta, ya gyara zama kamar hakimi. Wannan hoton yana cikin ajina yanzu, da izininsa.

Ran Lahadi mai masaukina ya kai ni sujada a Wulari. Sai da aka laluba kowa a bakin ƙofa kafin a shiga, amma ciki ya cika maƙil, 'yan zumuntar mata suna buga tulunansu. Da yawa cikinsu daga ƙasar Gwoza da Cibok da Askira suka gudo. Da na ba saurayin labari, ya ce ai ya san wurin sarai, ko da yake shi Musulmi ne, gama a watan Disamba rabin cinikinsa daga bukukuwan aure na coci yake fitowa.

ABIN DA HOTO BA YA FAƊI

Kada mai karatu ya ce malam ya je ya dawo yana cewa kome lafiya. Ba haka na ce ba. Na ga yara masu bara da yawa ƙwarai, na ga gwauraye mata da yaƙi ya bari da marayu. An haƙa rami an kewaye gari saboda tsaro, manomin da ya ƙetare shi kuwa da ransa a hannu yake fita. A watan Nuwamba na 2020 aka kashe manoman shinkafa fiye da 40 daga Zabarmari, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga tsakiyar gari. Mai hoton biki ba zai nuna maka wannan ba, gama ba shi aka kira shi ya ɗauka ba. Kowa kuma ya san mutum yakan sa rigarsa mafi kyau ran da za a ɗauke shi hoto. Wanda ya kalli hotunan biki kaɗai ya ruɗi kansa, daidai da wanda ya kalli na gawa kaɗai.

Saboda haka ga shawarata ga iyaye da malamai da za su gwada irin wannan yawo tare da yaransu. Kada ku tsaya ga mai hoto ɗaya, ku bi biyar ko shida, maza da mata, domin inda namiji ba ya shiga mace tana shiga. Ku duba ranar da aka ɗora hoto, da sunan wanda ya ɗauka, da wurin. Sau da yawa akan tono tsohon hoto, ko na wata ƙasa dabam, a ce yau abin ya faru, yanzu kuma har kwamfuta tana iya ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Hoton da ya zo ba suna ba rana, yana kuwa ta da hankali, ku bar shi ya mutu a wayarku. Hoton gawa kuma kada ku tura wa kowa, gama mamacin ɗan wani ne. In hoto ya burge ku, ku rubuta wa mai shi ku gaishe shi, ku yi tambaya. Yawancinsu suna murna su ji wani daga nesa yana son sanin garinsu.

KOMAWA AJI

Da aka koma makaranta a watan Janairu, na wanke hotuna 12 da masu su suka ba ni izini, na manna a bango. Na haɗa 'yan aji biyar da na shida, gama yarinyar nan ta riga ta shiga aji shida. Na miƙa mata sandata, na koma benci na zauna. Da fari muryarta tana rawa. Amma da ta kai ga hoton Dandal sai ta ware, ta ce nan babanta ya taɓa ɗora ta a wuya ta ga dawakin Shehu. Ta nuna musu yadda ake naɗa lafaya, ta koya musu cewa "wushe". Aka tashi tara, ba wanda ya motsa.

Da ta gama na miƙe na ce, "To, Maiduguri fa?" Wani ya ce hula, wata ta ce turare, wani ya ce kifi, wani ya ce dogon yaro. Wani ɗan ƙiriniya a baya ya ce, "Bom." Aji ya yi tsit, ana jira a ga abin da zan yi. Kafin in buɗe baki yarinyar ta juya ta dube shi, ta ce, "Shi ma an yi. Kawuna a cikinsa ya rasu. Amma ba shi ne sunan garinmu ba." Tun daga ran nan ban ƙara jin wani ya kira ta da wancan suna ba.

Kafin in sallame su na yi musu tambaya ɗaya. Na ce, in wani malami a Maiduguri ya rataye taswira ya ce wa yaransa, "Jos fa?" me kuke tsammani za su amsa? Suka dubi juna. Can wata ta ce a hankali, "Rikici." Na ce to, aikin gida ke nan. Kowa ya roƙi wayar babansa ko ta mamarsa ran Asabar, ya ɗauko hoto ɗaya na unguwarsu wanda yake so yaron Maiduguri ya gani, amma sai ya gaisa ya nemi izini tukuna. Ran Litinin aka kawo mini masu fasa dutse, da masu kwasar tumatir a Farin Gada, da wata kaka tana tankaɗen acca. Na tura wa mai masaukina, shi ma ya manna a bangon ajinsa.

Allah ya zaunar da Borno lafiya, ya zaunar da Filato lafiya, ya kiyaye samari da 'yan matan nan masu yawo da kyamara a titunan garuruwansu.